Ranar da Na Taka Ciyawa da Takalmina

Lokacin da ciwon ya sami mahaifiyarku, shekarata goma sha huɗu a Kuala Lumpur, kuma ba na jin akwai abin da zai gagare ni a garin. Kun san sana'ata. In shiga yadin da ake yanka tsofaffin motocin Japan gida biyu, in zaɓi inji da giyabos, in cika kwantena, a sauke ta a Legas, a ƙarasa da kayan Ƙofar Ruwa. Ban yi karatu mai nisa ba, amma in aka tayar da inji a gabana na minti ɗaya, zan gaya maka ko zai kai shekara biyar ko wata biyar. A sanina, duk abin da ya lalace hanyarsa biyu ce: ko a gyara, ko a sayo wani. Da wannan kan na shiga jinyarta.

Da hantsi abin ya same ta, tana tsaye a kicin ɗin gidanmu na Sri Petaling, hawa na tara, tana tankaɗen garin tuwo saboda ɗaliban da ke zuwa mana daga Setapak duk Juma'a. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Ta yi mako uku a asibiti. Baki ya dawo kusan daidai, hannu ya dawo rabi, ƙafa kuwa sai ja. Ke Walida kina Kano a ɗakin mijinki da cikin fari, Abba yana kwaleji, Nana tana sakandare, saboda haka yawancin yini daga ni sai ita, in na fita kuma daga ita sai taga. Ta sa aka ja mata kujera wajen, tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa yana dawowa. Ta ce a gaya wa ɗalibai su daina zuwa. Matar da a da ake jin muryarta tun daga bakin lif, sai ta koma in ka tambaye ta me za ta ci ta ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa.

Mai gashin ƙashin da ke duba ta ce ta kira ni gefe wata rana. Ta ce motsa jikin da suke sa ta a asibiti tana yin sa ne kamar mai biyan tara, da an juya baya ta daina, kuma in aka ci gaba a haka ƙafar za ta sandare. A nemo mata abin da za ta yi don tana so. Ta rubuta mini sunan wani kulob da ke kusa da unguwarmu, inda ake koya wa sababbin shiga wasan da suke kira boling padang, safiyar Talata da ta Asabar. Na kai takardar gida na karanta a gaban kowa.

"Wasa?" in ji mahaifiyarku. "Ni da na aurar da 'ya? Gare-gare zan koma yi da furfurata?"

"Boleh lah, Mama," in ji Nana da Malay, wato za ki iya, ita da ba a yi mata Hausa ta amsa da Hausa sai ranar da ta yi laifi.

"Ke, rufe mini baki da boleh ɗinki. Ubanki ya fara yi in gani."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi a watan. Shi ya sa na ce mu je.

Filin murabba'i ne, shimfiɗaɗɗe kamar tebur, an aske ciyawarsa kamar kan jariri ranar suna, ga 'yar kwata mai yashi ta kewaye shi, ga benci a ƙarƙashin rumfa. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana gara wata ƙaramar farar ƙwallo can nesa, sannan kowa ya tsaya a kan 'yar shimfiɗar roba ya gara nasa manya guda huɗu, wanda tasa ta fi kusa da farar shi ya ci. Ƙwallon girmanta kamar kwakwa, amma ta fi kwakwa nauyi, kuma ba ta tafiya a miƙe. Tana fita sai ta ɗauki hanya, da ta fara gajiya sai ta lanƙwaso. Na juya ta a hannu na ce dalma aka zuba mata a gefe guda. Ashe sassaƙa ce, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Mai koyarwar wata dattijuwa ce 'yar Malay, gajera, rana ta ƙona mata fuska, da hular kwano a kan hijabinta. Kowa Cikgu Rohana yake ce mata, wato malama. Ta gaishe da mahaifiyarku hannu biyu, sannan ta dubi takalmina, baƙi mai dunduniya irin wanda nake shiga ofis da shi, ta gaya mini dokokinta biyu. Takalmi mai dunduniya ba ya taɓa ciyawarta. Ɗan'uwan mai koyo kuma wurinsa benci, ko me ya gani.

Ranar farko kaɗai ta ɗaga mini ƙafa, saboda Hajiya ta kafe sai na fara. Aka ara mini takalmi mai shafaffen ƙasa. Na riƙe ƙwallon a juye ban sani ba, na sake ta da ƙarfina. Maimakon ta lanƙwaso wajen farar, sai ta bi ɗaya gefen, ta tsallaka layin maƙwabta, ta tsaya a tsakanin ƙafafun wani tsohon Basine mai suna Ankul Lim, wanda shi ma sabon shiga ne, bayan an yi masa aikin gwiwa. Gaba ɗaya filin ya ɗauki ihu. Ashe al'adarsu ce, duk wanda ya saki ƙwallo a juye shi zai sai wa kowa shayi.

"Haji!" in ji Ankul Lim, yana ɗaga sandarsa. "Nawa ban da sukari, likita ya hana!"

Na waiwaya. Mahaifiyarku ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗarta tana rawa.

"Ashe akwai injin da ba ka iya ba, Alhaji," ta ce.

Daga ranar na koma benci, ita kuma ta shiga fili. Abin da na lura da shi tun makon farko shi ne, mai garawa da hannun dama da ƙafar hagu yake takawa gaba, wato ƙafar da ta mutu mata. Duk ƙwallo ɗaya sai ta ɗora nauyinta a kan ƙafar nan, ta rusuna, ta saki, ta miƙe. In huɗun sun ƙare, sai kowa ya taka zuwa ɗaya ƙarshen filin, a duba wa ya ci, a tattaro ƙwallaye da tafin ƙafa, a juyo. Ga mai lafiya taku arba'in ne ko sama da haka kaɗan. Ita ranar farko, da sanda, na duba agogo, ta kusa minti shida. Sauran sun isa tuni suna tsaye a rana suna jiranta. Cikgu tana tafiya a gefenta, hannuwa a baya, tana yi mata hirar farashin kifi, ba ta ko taɓa ta. Sau biyu kawai suka je suka dawo ran nan, Hajiya ta jiƙe sharkaf. A mota ina jiran ta ce ba za ta koma ba. Sai ta ce in tsaya a kedai, shagon abinci, a ƙunsa mana gurasarsu roti, yunwa take ji.

Wata biyar muka yi a haka, kuma ina so ku san yadda ta koma, don ke Walida ba ki gan ta a lokacin ba, sai hotuna. Ta sa aka ɗinka mata hijabi gajere saboda dogon yana kama mata hannu. Ta sayi farin takalmin roba, ita take wanke shi da kanta da hannu ɗaya. A wata na uku ta jingine sandar a jikin bencin da nake zaune, ta ce in riƙe mata, ba ta sake karɓa ba sai za mu tafi. Minti shidan nan ya koma uku. Ta raɗa wa kowa suna. Farar ƙwallon Amarya ce, tunda kowa ita yake nema. Ankul Lim kuwa Mai Gwiwar Aro. A gida ta koma kicin, tana aiki a zaune, ta aika wa ɗalibai cewa tuwon Juma'a ya dawo, amma kowa ya wanke kwanonsa. Ran Litinin da Juma'a da yamma za ta leƙa taga ta dubi hadari, ta ce Allah Ya sa ya zubar da kayansa yau ya bar mana safiya.

Za ku ji wasu na cewa kasuwata ce ta sa na gaji, wai Asabar ce ranar da ake buɗe sababbin kwantenoni a yadi. Ba gaskiya ba ne. Ina da wanda zai tsaya mini, kuma ta waya ma ina iya saye. Abin da ya ci ni shi ne zaman bencin. Ban taɓa zama ina kallon abu yana tafiya a hankali alhali ina da yadda zan yi ya yi sauri ba. Ga matata tana jan ƙafa a tsakiyar fili, ga maza baƙi a tsaye sun riƙe ƙugu suna jira, ga ni da lafiyata a inuwa da kwalbar ruwa a cinya. Ko da suna dariya suna tafa mata, ni abin da nake gani shi ne ana kallon nakasar iyalina. Wata rana da aka tashi na sami Cikgu tana naɗe shimfiɗun roba, na kawo mata shawara da Malay ɗina na kasuwa.

"Cikgu, awa ɗaya muke da ita, rabi yana tafiya a zuwa da dawowa. Ki bar ni in sa takalmin da kike so, in tsaya can ƙarshe in riƙa turo mata ƙwallayen. Za ta yi ninki biyu na abin da take yi yanzu."

"Ninki biyu na me, Haji?"

"Na garawa."

Ta ɗan dube ni ta ƙasan hularta.

"Ƙwallon tana zuwa can ne don Hajah ta bi ta," ta ce. "Ka koma bencinka."

Na ji maganar da kunnena. Na ɗauke ta irin maganar da malamai ke yi don kada a raina aikinsu.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, an yi ruwa da asuba, ciyawa da sauran laima. Ƙwallonta ta uku ce. Ta taka da hagu, ta rusuna, gwiwar ta lanƙwashe, ta tafi a hankali ta gefe har ƙasa. Ba wata muguwar faɗuwa ba ce, ko ƙara ba ta yi ba. Na miƙe. Kafin in kai bakin fili Cikgu ta riga ta durƙusa a gabanta, ta tambaye ta wani abu, Hajiya ta girgiza kai. Sai Cikgu ta miƙe, ta ja baya taku biyu, ta ɗago mini tafin hannu.

"Tunggu, Haji. Jira. Ba ta ji ciwo ba. Na koya mata yadda ake tashi."

Na tsaya a bakin kwatar nan. Mahaifiyarku ta mirgina ta kife, ta dafa ƙasa da hannun dama, ta jawo gwiwa ɗaya. Hijabin ya zame, gashinta ya fito ta gaba. Rigar ta tattare har ƙwauri. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Filin ya yi tsit, har waɗanda ke layin can gefe sun tsaya. Ankul Lim ya juya baya yana kallon itatuwa, wanda yanzu na gane mutunci ne, amma a lokacin ban ga komai ba sai matata a kan gwiwa da hannu kamar mai rarrafe, a gaban mutum goma sha wani abu. Ban san ko minti ɗaya ba ne ko uku. Na tsallaka kwatar da takalmina. Na ji dunduniyar tana nutsewa a ciyawa, taku bayan taku, na ji Cikgu tana kiran sunana, ban tsaya ba. Na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta cak, na gyara mata hijabi, na tallabo ta har mota. Da na waiwayo don ɗaukar sandarta, na ga ramukan da na bari a jere, da Cikgu a tsaye a kansu. Na gaya mata maganar da ba zan rubuta a nan ba. Abin da ya fi sauƙi a ciki shi ne, a garinmu ko kare ba a bari a ƙasa a tsaya kallo. 

Mun kusa gida kafin mahaifiyarku ta yi magana. Idonta yana kan titi.

"Na riga na kafa ƙafar dama," ta ce. "Saura in tura kawai."

"Kin ga yadda kike kuwa? A gaban maza?"

"Ni ban ga kowa ba. Ciyawa nake kallo." Sannan ta ce, "Da ka bar ni, Alhaji. Saura kaɗan."

Ran Talata na ce ƙafar tana bukatar hutu. Ran Asabar na ce akwai kaya a tashar jirgin ruwa ta Klang. Mahaifiyarku ba mai roƙo ba ce, kun sani. Ran Juma'a ta uku da dare wanke farin takalmin kawai ta yi ta ajiye a bakin ƙofa, na tsallake shi da safe na fita. Daga baya na ji ta nemi Abba ya kai ta a motar haya. Abba, ka zo ka tambaye ni, na ce ban yarda ba, ka bi maganata. Ka daina ɗora wa kanka wannan, umarnin uba ka bi. Cikgu ta bugo mini waya sau biyu. Na farko ta ce ciyawa ta warke, ba ta riƙe ni da komai ba, Hajah ta dawo. Na ce za mu duba. Na biyu na ce mata mun yi tafiya, alhali mahaifiyarku tana zaune a falo tana jina.

Ban yi niyyar raba ta da wasan ba, wannan ku yarda da ni. Na zauna na lissafa abin da ke cikin kulob ɗin nan kamar yadda nake lissafa abin da ke cikin mota: ƙwallo huɗu, farar ƙarama, shimfiɗar roba, da wuri mai santsi. Duk ana sayarwa. Na nemo dila, na sayo ƙwallaye sababbi daidai hannunta, masu kyau fiye da na aron da take amfani da su, na sayo koren kafet irin wanda ake shimfiɗawa a filayen cikin ɗaki. Na kwashe kujerun falo na shimfiɗa shi daga taga zuwa ƙofa. Na kira ta ina jin na yi abin kirki.

"Ga filinki nan, ba rana, ba idon kowa."

Ta gara ɗaya don kada ta kunyata ni. Falon taku takwas ne. Ƙwallon ba ta ma sami damar lanƙwasowa ba ta bugi ƙofa. Na tsugunna na turo mata ita har gaban ƙafarta. Ta dube ta, ta dube ni.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce.

A kwana na uku na ƙasanmu suka hau suka yi ƙorafin ƙara. Nan ne tunanin Kano ya zo mini, don tsakar gidanmu na can doguwa ce, siminti ne lafiyayye, kuma ba mai hawa bene ya yi ƙorafi.

Yanzu ga abin da na fi so ku sani. Ku ukun kun tashi da cewa Gwaggonku Asabe ce ta matsa sai an dawo da mahaifiyarku gida, kuma Walida, shekara nawa ke nan gaisuwarki da ita ba ta wuce ta baki. Gaskiya ne ita ta furta. Amma ni na bugo mata waya, kuma na san yayata kamar yadda na san kowane mai saye da na taɓa zama da shi. Ban ce mata Hajiya ta jingine sanda ba. Ban ce ta koma girki ba. Na ce mata ta faɗi a bainar jama'a, kanta a buɗe, wata mata ta hana a ɗaga ta. Na bar ta ta ƙarasa.

"Inna lillahi! Sabo, kana da hankali kuwa? 'Yar mutane a ƙasar da ba dangin iya ba na baba? Ka kawo mana ita mu yi jinyar abarmu. Muna raye za a wulaƙanta ta?"

Na sa wayar a lasifika don mahaifiyarku ta ji da kunnenta. Da aka kashe na ce, kin ji Yaya, ni ba yadda zan yi. Ta daɗe tana kallona. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ta sha ganin yadda nake sa mutum ya faɗi farashin da ni nake so.

"To," ta ce. "Allah Ya sa haka ne alheri."

Kafet da ƙwallaye suka bi kwantena tare da injina, mu muka bi jirgi. Da kayan suka iso na je na tsaya da kaina aka shimfiɗa a tsakar gida, ta gefen inuwa. Gidan cike yake, ga Yaya Asabe da ta tare gaba ɗaya, ga ƙannen Hajiya, ga 'yan dubiya ba sa yankewa. Ta fito da sandarta, ta tsaya, ta gara huɗun. Wannan karon sun sami wuri, sun lanƙwaso da kyau, ɗaya har ta jingina da farar. Mata suka yi guɗa. Ta ɗaga ƙafa za ta bi su, sai Yaya ta riƙo hannunta.

"Haba Hajiya! Muna zaune ki tashi? Ina amfaninmu? Ke Talatu, kwaso mata."

Kafin mahaifiyarku ta buɗe baki yarinyar ta kwaso su, an jera a gabanta, an kuma turo mata kujera ta baya. Ina tsaye a wurin. Na ga ta ɗago ido ta neme ni, ni kuwa abin da na ji a raina shi ne, yauwa, ga yadda ya kamata a yi tun farko. Ba wanda ya yi mata mugunta a gidan nan. Haka muke jinya, da haka aka yi jinyar iyayenmu. Ruwan alwala a kawo mata har gado, da robar da za ta yi a ciki. Abinci a kawo. In ta ce za ta banɗaki mutum biyu su tallabe ta. In ta ce za ta leƙa kicin a ce me ya yi zafi. Yayanta ya aiko da keken guragu sabo fil daga Abuja, kowa ya yi ta sa masa albarka. Na yi mako biyu na koma Kuala Lumpur hankalina kwance, ina gaya wa mutane an sami sauƙi, tana hannun 'yan'uwa.

Wata tara na yi kafin in dawo. A waya kullum lafiya lau, sai godiya. Da na shiga gidan na tarar an yanka kafet ɗin gida uku ana shimfiɗa wa baƙi. Ita kuma tana kan keken a ƙofar ɗakinta, ta yi ƙiba irin ta zama, ƙafar hagun ta kumbura ta juya ciki. Ina ganin ƙafar nan na san abin da nake kallo, don na sha ganin abin da ajiya ke yi wa abin da aka yi don motsi. A ranar ce maganar Cikgu ta shiga kaina, a tsaye a tsakar gida da jakata a hannu.

Washegari da safe na ce kowa ya ba mu wuri. Na nemo ƙwallo ɗaya a ƙarƙashin gado, na goge ta, na sa mata a hannu. Ta gara ta a kan siminti, ta tafi kamar taku goma ta tsaya a jikin randa. Talatu ta zabura, na daka mata tsawa. Yaya ta fito daga ɗaki tana salati, tana tambaya ko wani abu ya taɓa ni a can. Na ce ba mai ɗauko ta, Hajiya ce za ta je. Na ja baya taku biyu, na sa hannuwana a baya kamar yadda na ga ana yi, na riƙe ɗaya da ɗaya don kada su kufce mini.

Ta gwada, wannan ku sani. Ta dafa hannun keken, ta kafa ƙafar dama, ta yunƙura har ta rabu da kujerar kamar faɗin tafin hannu. Ƙafar hagun ba ta amsa ba ko kaɗan. Ta koma. Ta huta, ta sake. Sau huɗu. Gumi yana bin haɓarta, Yaya tana kuka a bayana tana cewa in ji tsoron Allah. A na huɗun ta zauna, ta gyara mayafinta da hannu ɗaya, ta dube ni ba fushi a fuskarta, wanda da akwai shi da ya fi mini sauƙi.

"Ya isa, Alhaji," ta ce. "Ka makara. Tura ni ciki, rana ta taso."

Na kai ta wajen masu gashin ƙashi a Kano, na kawo wani har gida, na yi maganar mu koma Kuala Lumpur. Ta ce ita ta gama hawa jirgi. Shekara huɗu ta yi a kan keken nan kafin Allah Ya karɓi abarsa, kuma ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba ko sau ɗaya. Bayan rasuwarta na tambayi likita uku, ɗaya a can biyu a nan, ko da na bar ta a filin nan da ta ci gaba da tafiya. Kowannensu ya ce mini ba wanda zai iya sani, rai da lafiya na Allah ne. Na yarda da wannan. Amma ni na ga ƙafar a wata na biyar, na kuma gan ta bayan wata tara, kuma duk rayuwata da irin wannan kallon na ci abinci.

Ba ta taɓa gaya wa ɗayanku yadda aka yi ba. Ta bar ku kuna ganin ubanku da mutunci, ni kuma na karɓa na yi shiru har yau. In kun yi mata addu'a, ku haɗa da ni, don ita ta yafe ko ba ta yafe ba, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.